Sautin gwangwani ya ishe mu haka, mu koyi ƙera namu

Akwai wata waƙar biki da na haɗa shekara huɗu da suka wuce, wadda har yau in na tuna da ita sai kunya ta rufe ni. Ina da ɗan situdiyo a Maradi, ɗaki guda mai faɗin mita 3, da tsohuwar kwamfuta, lasifika biyu da makirfo ɗaya. Wani bawan Allah ya zo zai aurar da ƙanwarsa, muka yi ciniki jika 30, ya ba da rabi. Abu ɗaya ya roƙa: kiɗan ya yi nauyi, irin wanda ake ji a ƙirji. Na kwana biyu a kai. A cikin ɗakina, in bas ɗin ya shigo har ƙofar langa-langa sai ta ɗauki rawa. Na tura masa ta WhatsApp ina jiran yabo, sai ga saƙon murya: "Malam, ina nauyin da muka yi magana? Ni ban ji komai ba sai murya da tafi." Na ce masa laifin wayarsa ne, ya bari sai ranar biki. Ranar biki aka kafa lasifikan haya a ƙofar gida, aka saka waƙar, bas ɗin ya fito siriri kamar an shaƙe shi. Mai kayan ya yi ta ƙara ƙarfi don ya nemo shi, har lasifika ɗaya ta fara kukan tsagewa. Ban karɓi cikon kuɗina ba, ban kuma nema ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san dalili ba. Sautin ba ni na yi shi ba. A cikin wani tarin sautuka na same shi, irin waɗanda muke kwasowa daga intanet ko mu kwafa daga memwar abokai, wani a wata ƙasa ya riga ya dafa ya rufe, mu sai dai mu buɗe mu zuba. Ni sautin gwangwani nake ce musu. Na danna, ya yi mini daɗi, na saka. Da ya lalace ban san wane maɓalli zan taɓa ba, don ban san da me aka yi shi ba. Tun daga ranar na ɗaura niyyar koyon ƙera sauti daga tushe. Ra'ayin da nake so in kare yau ke nan: duk matashin da ke haɗa kiɗa da kwamfuta ko da salula, a Maradi yake ko Damagaram, Tawa ko Yamai, ya kamata ya ware lokaci ya koyi gina sauti da hannunsa, musamman bas, ya kuma saba da gwaje-gwajen da ba wanda ya biya shi ya yi. Na san akwai masu ganin ɓata lokaci ne, zan zo kansu.

Bari in fara da abin da ya kashe waƙata. Sauti girgizar iska ce, ana ƙirga ta da yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunne mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Bas can ƙasa yake zaune: igiyar da ta fi kauri a gitar bas tana ba da wajen 41, ni kuma na ɗora waƙata a kan "la" ta ƙasa, wato 55. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, saboda haka zango ɗaya na girgizar 55 ya ɗan haura mita 6. Ɗakin da faɗinsa mita 3 ne rabin wannan zango ke nan, sai sautin ya riƙa dukan bango yana dawowa yana hawa kan kansa. A irin wannan ɗaki duk abin da ke kusa da 57 yana kumbura a jikin bango, yana kusan ɓacewa a tsakiya. Ni kuwa teburina da kujerata a manne suke da bango. Ashe nauyin da nake ji aro ne ɗakin ke ba ni, a filin biki kuwa babu bangon da zai ba da aron.

Sai maganar salula. Kusan kowane sauti da muke ji uwa ce da ƴaƴanta. In uwar 55 ce, ƴaƴan su ne 110, 165, 220, 275, haka har sama. Yawansu da ƙarfinsu na cikin abin da ke raba goge da sarewa ko da a murya ɗaya suke. Akwai sauti guda da ba shi da ɗa ko ɗaya, ana ce masa sinus, kuma shi ne a cikin gwangwanin da na buɗe. Ƴar lasifikar salula da ƙyar take fitar da abin da ke ƙasa da 200 ko 300. Uwa ba ta wuce ba, ƴaƴa babu, sai shiru. Abin mamaki, in ƴaƴan suka wuce, ƙwaƙwalwa da kanta take cike gurbin uwar, mutum ya ji kamar bas ɗin na nan alhali wayar ba ta fitar da shi ba. Shi ya sa gwanaye ke raba bas gida biyu: na ƙasa tsaftatacce don manyan lasifika, na sama kuma a ɗan ƙona shi ya yi kaushi, don ya haifi ƴaƴan da salula za ta iya ɗauka. Aikin minti goma ne ga wanda ya sani. Ni rashin saninsa ya ci mini jika 15 da mutunci.

Mu tuna kuma inda ake jin kiɗanmu. A fada ake jin sa, ana dafa shayi, salula na ajiye kan tabarma ko an jona ta da ƴar lasifikar Bluetooth. Ɗan kabu-kabu na jin sa da kunne ɗaya, ɗayan na sauraron hanya. Mata na jin sa a tsakar gida cikin ƙarar daka da kukan yara. In ya kai filin biki, a sararin Allah ne, ba rufi ba bango. Wanda ya dafa sautin gwangwani a Landan ko Atlanta, gidan rawa mai lasifika kamar ɗaki yake hange. Bai san da fadarmu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Mu ya kamata mu auna wa kanmu, tela ma ba ya ɗinka wa mutum riga da awon wani.

Masu cewa gwaji wasan yara ne su duba inda wannan kiɗa mai nauyin ƙasa ya fito. A Kingston ta Jamaika, King Tubby mai gyaran rediyo da kayan lantarki ne a unguwar Waterhouse. A farkon shekarun 1970 ya riƙa ɗaukar waƙar da aka riga aka gama, ya cire murya, ya bar ganga da bas, ya riƙa jefa sauran cikin amsa-kuwwa yana murɗa maɓallai. Abin da ake kira dub ke nan, kuma daga nan duniya ta gane cewa teburin haɗa sauti ma abin kiɗa ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808 a 1980, mawaƙa da yawa suka raina ta don gangarta ba ta yi kama da ta gaske ba, aka daina ƙera ta a 1983. Yau dogon amon nan nata shi ne ƙashin bayan rap, har yaranmu na cewa "808" ba su san sunan akwati ba ne. Ƙanwarta TB-303 an yi ta ne don ta tsaya wa mai gita a matsayin ɗan bas, ta kasa karɓuwa, ta koma kasuwar gwanjo. Wasu samari a Shikago da ke kiran kansu Phuture suka same ta da araha, suka yi ta murɗa ta ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya fito suka sake shi a 1987 da sunan Acid Tracks, ya zama mafarin wani salo sukutum.

A Detroit, Kevin Saunderson ya fitar da wani kiɗa a 1988 da laƙabin Reese, mai wani bas mai duhu da ke lilo a hankali. Matasan Ingila masu kiɗan jungle suka ɗauke shi a shekarun 1990, har yau sunan irin wannan sauti Reese. A farkon shekarun 2000 kuma, a Croydon da ke kudancin Landan, yara irin su Skream da Benga da ke taruwa a shagon faifai na Big Apple suna cikin waɗanda suka haifi dubstep, da na'urar wasa ta PlayStation da FruityLoops, wato tsohon sunan FL Studio ɗin da ke cikin kwamfutocinmu. Abin da ya haɗa labaran nan shi ne kayan aiki masu araha ko waɗanda aka raina, da mutum mai haƙurin zama yana murɗawa yana saurare.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Duk wanda ya girma da rediyo da talabijin ɗin ƙasarmu ya ji orgar Mamman Sani ko da bai san sunansa ba. A shekarun 1970 ya samu orga ta lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya zauna ya koya mata karin gargajiyarmu, ya ɗauki kaset ɗinsa a 1978 a gidan rediyon ƙasa. Sai a 2013 Sahel Sounds suka sake fitar da shi, duniya ta waiwayo. Hama na Yamai ya bi wannan sawu da piyanon Yamaha, daga baya da kwamfuta, kiɗansa ya yi ta yawo a memwar kafin Torodi ya fito a 2015 da Houmeissa a 2019. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki Anar a 2008, da gangar na'ura da muryar da aka lanƙwasa irin ta finafinan Hausa, kuma daga salula zuwa salula waƙoƙin suka ratsa Sahara. Kowanensu ya ɗauki na'urar da ba don mu aka yi ba, ya sa ta magana da harshen gida. Me ya sa mu da muka fi su samun kayan aiki muka fi su tsoron taɓawa?

Yanzu ga masu ja da ni. Wani abokin sana'ata ya taɓa ƙure ni da hujja mai ƙarfi. Ya ce: "Kai da ke zagin gwangwani, log dram ɗin amapiyano da ya cinye Afirka daga ina ya fito?" Gaskiyarsa. Wannan sauti da ya taso daga Afirka ta Kudu, asalinsa shiryayye ne a cikin wata ƴar na'ura ta FL Studio mai suna Fruity DX10, duk mai manhajar yana da shi. Amma ya daɗe kwance a nan ba wanda ya kula, sai da wasu suka ja shi ƙasa, suka gyara tsawonsa da dukansa, suka ba shi aikin ganga da na bas a lokaci guda. Wato sun san abin da maɓallan ke yi. Ban ce a zubar da gwangwani ba, ni ma ina buɗewa in aiki ya matse. Mai tuwo ma na sa tumatirin gwangwani a miya. Sai dai wadda ta san miya, in ya yi tsami ta san abin da za ta ƙara, in ya ƙare ba a kwana da yunwa. Mu yanzu log dram ɗin ma ba mu gyara shi. Yadda ya taso daga Afirka ta Kudu ya biyo ta Legas haka muke zuba shi, har ka saurari waƙa goma a jere ka kasa gane wane situdiyo ya yi wace.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, don ta ciki ce. Mai haɗa kiɗa a nan da shi yake ci. Akwai kuɗin haya, akwai mega, akwai wutar da in ta tafi a lokacin zafi sai ka zauna kana kallon kwamfuta kamar akwati. Mai biki ya zo yana son irin waƙar da ya ji a TikTok jiya, gobe yake so, ba zai biya ka kuɗin bincike ba. Duk gaskiya ne, kuma ba zan ce wa mai iyali ya bar aikin kuɗi ya zauna wasa da maɓalli ba. Amma a yi lissafi. In abin da kake sayarwa kowa na iya kwafarsa daga memwar cikin minti biyar, farashinka kullum ƙasa zai yi, don yaron da ya sayi kwamfuta jiya zai yi shi a rabin kuɗinka. Kunnenka da sautin da kai kaɗai ka san yadda ka gina shi, su ne ba su shiga memwar. Minti 30 a rana nake roƙo, bayan an gama aikin mutane. Kuɗin kaya kuma ya daina zama uzuri: Vital da Matt Tytel ya fitar a 2020 yana da sigar kyauta, Surge XT kyauta ne gaba ɗaya, Audacity ma haka. Ba sai an saci manhajar da za ta zo da cutar da za ta cinye aikin shekara ba.

Hujja ta uku daga manya take zuwa, wai kiɗan na'ura shi ke kashe makaɗan gargajiya. Akwai ƙamshin gaskiya, don bikin da a da sai an kira masu kalangu, yanzu mutum ɗaya da memwar da lasifika ya wadatar. Amma ga abin da ya faru da ni. Bara na gayyaci wani tsohon makaɗin kalangu, abokin mahaifina, in ɗauki ƴan kaɗe-kaɗensa. Kafin mu fara na saka masa wani aiki da nake alfahari da shi, mai log dram da murya a kai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Ɗana, gangar nan taka tana da ƙarfi, amma ƙarya take yi." Na ce: "Baba, kamar yaya?" Ya ce: "Yaron na faɗin abu, ita tana faɗin wani. Inda maganarsa ta hau, ita sauka take." Ya rataya kalangunsa, ya matse igiyoyin a hammata, ya kaɗa abin da mawaƙin ya rera, na ji kalmomin tas ba tare da an buɗe baki ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Baba na uba, da baba ta uwa, da baba na marina, harufansu ɗaya, hawa da saukar murya ke raba su. Kalangu an gina shi ne ya bi wannan hawa da sauka: a matse, fata ta ɗaure, murya ta hau, a saki, ta sauka. A cikin sintetiza kuwa akwai maɓallin da aikinsa ke nan daidai, shi ke sa sauti ya zame daga wata murya zuwa wata, kai ke faɗa masa saurin zamewar. Muka zauna da tsohon nan har la'asar, yana kaɗawa ina gyara zamewar bas ɗin har ya bi bakin mawaƙin. Da muka gama ya ce yanzu gangar ta fara hankali. Wannan ilimi babu shi a gwangwanin kowa, don wanda ya dafa ba ya jin Hausa. Yana hannun dattawan da muke wucewa a ƙofar gida muna gaishe su a gurguje.

Ba kalangu kaɗai ba. Ƙwaryar da mata ke kifawa cikin ruwa su kaɗa, in ka ɗauke ta da makirfo ka ja muryarta ƙasa, za ka samu bas mai laushi. Ga turmi da taɓarya, ga tulu in ka bugi bakinsa da tafin hannu, ga shantu, ga gurumi. Sharaɗina biyu ne. Na farko, wanda ka ɗauki hannunsa ka biya shi, ka ambaci sunansa, in za ka yi rajistar aikin a BNDA, hukumar haƙƙin masu fasaha, ka sa shi ciki. In mun ɗauki kalangun dattijo muka ci kuɗi shi yana zaune, to manyan nan masu zarginmu sun yi gaskiya. Na biyu, akwai kayan da ba na kowa ba ne. Tambarin sarauta yana da masu shi da lokacinsa, ba a jefa shi cikin waƙar rawa don kawai yana da nauyi.

To ta ina za a fara? Ga hanyar da na bi. Ka zaɓi sintetiza ɗaya, ka yi wata shida ba ka sauko da wata ba. Tara na'urori talatin a kwamfuta shi ke hana mu sanin ko ɗaya. Ka buɗe ta fanko, ka san abubuwa huɗu. Akwai mafari, inda sauti ke tasowa: sinus marar ƴaƴa, haƙorin zarto mai dukan ƴaƴa, da murabba'i mai tsallake ɗaya ya ɗauki ɗaya. Akwai rariya, wadda ke tace ƴaƴan sama ko na ƙasa. Akwai numfashi, wato yadda sauti ke farawa, ya sauko, ya tsaya, ya mutu. Sai hannun ɓoye, wanda aka rubuta wa LFO, mai murɗa maka maɓalli gaba da baya ba gajiya.

Ka ɗauki sinus a 55, ka sa muryarsa ta faro daga sama ta faɗo cikin ƙiftawar ido. Ka ƙera ganga ke nan. Ka tsawaita wutsiyarsa, ya koma 808. Ka ɗauki zarto biyu, ɗaya a 55 ɗaya a 56, za ka ji suna kokawa, sautin na kumbura yana sacewa sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Ka ƙara tazarar, kokawar ta ƙara sauri. Ka rufe rariya kaɗan, ga Reese. Ka ɗaura hannun ɓoye a kan rariyar ka haɗa shi da saurin kiɗan, ga lilon dubstep, wanda akasari ake yi a bugu 140 cikin minti. Daga nan ka ɗauki abin da ya fito a matsayin sabon ɗanye, ka juya shi baya, ka ja shi, ka yanka, ka sake sa shi a rariya. Tara cikin goma shara za su zama, ka bar su su zama. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka murɗa, don in na goman ya fito ka san hanyar komawa. Maɓalli ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma ka riƙa rufe ido. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a mai zuba wa allo ido shi ke ɓata. Kafin aiki ya bar hannunka, ka ji shi a salula, ka ji shi a ƴar lasifika, ka fita da shi tsakar gida.

Kunnen kuma a kula da shi, don shi ne jarin. Kunne ba ya jin bas sosai in sauti na ƙasa-ƙasa, shi ya sa hannu ke ta kai wa maɓallin ƙarfi. Ma'aunin da masana lafiyar aiki ke bayarwa shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ƙananan gasun cikin kunne in suka mutu ba su sake tsirowa. In ka tashi daga aiki kana jin "ziii" a kunne, gargaɗi ne. Ka yi aiki a ƙarfin da za ka iya hira da na kusa ba tare da ɗaga murya ba, ka riƙa hutawa.

Kirana na ƙarshe ga mu da muka riga muka ɗan gane hanya. Muna da wata ɗabi'a ta ɓoye sani, yaro ya shekara yana share situdiyo yana sayo shayi, in an zo gyaran bas a aike shi. Tsoron kada ya ƙwace kasuwa ne, alhali kasuwar da kowa ke sayar da abu iri ɗaya ita ce ke cinye mu duka. Muna da fada ta shayi, ta ƙwallo, ta siyasa, me zai hana a yi ta sauti sau ɗaya a wata, kowa ya zo da abu ɗaya da ya ƙera ya nuna yadda ya yi? Gidajen matasa da al'adu na da ɗakuna, cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai na da tarin kayan kiɗan gargajiya. In aka zaunar da mai kwamfuta da mai kalangu a tabarma ɗaya, aka biya kowa haƙƙinsa, na yi imani za a ji abin da ba a taɓa ji ba.

Waƙar bikin nan ban goge ta ba. Duk yaron da ya zo koyo wurina ita nake fara saka masa, a ɗaki tukuna, sannan a salula, in ce ya gaya mini ina bas ɗin ya tafi. Ranar da ya iya ba ni amsa kuma ya gyara da hannunsa, ranar nake barinsa ya taɓa aikin mutane. Allah ya sa mu dace.